AKORI-KURA: ABUBUWAN DA MASU ITA KE FATAN A CE TANA DA SU

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Jahun da sassafe ranar Lahadi zai ga akori-kura suna wucewa zuwa kasuwar Gujungu. Ranar Litinin kuma sai su juya ta Kiyawa, su nufi Shuwarin kusa da Dutse. Wata ta ɗauko gero, wata riɗi, wata awaki da tumaki. Sau da yawa kuma akwai mutane zaune a kan kayan.

Wannan ƙaramar mota ita ce jakin zamani a karkara. Da ita manomi ke kai amfanin gona kasuwa. Da ita ake kai taki gona. Da ita ake kai kayan amarya. Idan dare ya yi, mace ta kasa haihuwa, sau da yawa ita ce motar da ke kusa.

Amma da wuya a sami mai akori-kura da ba shi da ƙorafi. Kowa yana da abin da yake cewa da ma motarsa tana da shi. Wasu daga cikin abubuwan nan ana iya ƙara su a wajen mai walda ko bakanike, ba tare da wata illa ba. Wasu ba a samunsu sai a lokacin sayen mota. Wasu kuwa, idan aka matsa sai an yi su, ana iya rasa mota, har ma da rai. Ya kamata mai mota da mai shiga mota su san bambancinsu.

IRIN AKORI-KURAR DA AKE GANI

Iri uku aka fi gani a wannan yanki.

Ta farko ita ce Peugeot, wadda jama'a ke kira Fijo. A shekarar 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a Kakuri, cikin Kaduna. Daga nan 404 da 504 masu bodi suka bazu a ƙasar Hausa. Yanzu an daina ƙera su, amma tsofaffin suna nan suna aiki.

Ta biyu ita ce Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968. Tana da ƙarfi, amma tana da tsada.

Ta uku ita ce 'yar ƙaramar nan, irin su Daihatsu Hijet da Suzuki Carry. A Japan an yi su ne domin ƙananan gonaki da tituna masu ƙunci. Yawancinsu na hannu ne ake shigowa da su.

NA ƊAYA: ƘARFIN ƊAUKAR KAYA

Wannan shi ne babban fatan kowa. Mai mota yana so ya kwashe kayan sawu biyu a sawu ɗaya, domin ya rage kuɗin mai.

To, kowace mota tana da iyakar nauyin da masu ƙera ta suka yanka mata. Fijo 504 da Hilux suna ɗaukar wajen tan ɗaya. Tan ɗaya shi ne kilo 1,000. Wato buhu 10 ke nan, idan kowane buhu kilo 100 ne. Ita kuwa 'yar ƙaramar ta Japan, kilo 350 ne iyakarta bisa dokar ƙasarsu. Wato buhu uku da rabi. Akan ga wannan lamba, 350kg, a rubuce a bayan bodinta.

Wani abu da ake mantawa shi ne, nauyin mutane yana cikin lissafin. Ga misali. Mutum biyar sun hau, kowane yana da kilo 60. Sun zama kilo 300, daidai da buhu uku. Ke nan motar tan ɗaya saura mata buhu bakwai kawai.

Dabarar da aka saba ita ce a je a ƙara wa motar sifirin a baya. Gaskiya ne, idan an ƙara, bayan motar ba zai zauna ƙasa ba. Amma sifirin kaɗai aka ƙara. Birki yana nan yadda yake. Taya tana nan yadda take. Ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya ma bai ƙaru ba. Motar ta daina nuna gajiya ne kawai, amma nauyin yana nan a kanta.

Idan kaya suka yi yawa, birki yakan yi zafi, ya rage kamawa. Taya takan yi zafi, ta fashe. Gaban motar yakan yi sama, sitiyari ya yi sako-sako. Idan kuma aka jibga kaya suka yi tsawo, mota takan kife a kwana ko a gefen titi mai gangara. Gudu yana ƙara tsananta abin. Idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya yakan ninka wajen sau huɗu.

Saboda haka wannan fata ba ta biya a wajen mai walda. Wanda kayansa suka fi ƙarfin motarsa, ko dai ya yi sawu biyu, ko ya nemi babbar mota. Hausawa sun ce, kwaɗayi mabuɗin wahala.

NA BIYU: BODI MAI SAUƘIN LODI

Bodin Fijo da na Hilux ta baya kawai yake buɗewa. A cikinsa kuma akwai tudu biyu a kan ƙafafun baya, waɗanda ke hana buhuna zama daidai. Masu mota suna son bodi shimfiɗaɗɗe, wanda gefensa ke saukowa. A nan 'yar ƙaramar ta Japan ta fi su, domin bodinta yana buɗewa ta gefe biyu da ta baya. Ga shi kuma ba shi da tsawo daga ƙasa. 'Yan dako ba sa shan wahala wajen ɗora kaya.

Akwai abubuwan da mai walda zai iya ƙarawa a bodi cikin sauƙi. Zai iya sa ƙugiyoyi a gefe domin ɗaure igiya. Zai iya sa ƙarfen tsari a bayan gilashin direba, domin kada kaya su faɗo masa idan ya taka birki. Zai iya yin keji domin dabbobi. A ƙasan bodi kuma ana iya shimfiɗa katako ko tabarmar roba, domin kada dabba ta zame ta karye.

Sai dai a tuna, duk ƙarfen da aka ƙara yana da nauyi. Idan keji ya kai kilo 100, to ya cinye wurin buhu ɗaya. Kuma kada a yarda a yanka shasi domin a ƙara wa mota tsawo. Shasi shi ne ƙashin bayan mota. Inda aka yanka aka haɗa, nan ne yake karyewa.

NA UKU: RUMFA

Akori-kura ba ta da rufi a baya. Da damina ruwa yakan jiƙa hatsi da taki. Siminti kuwa idan ya jiƙe ya tashi aiki. Riɗi da gyaɗa idan suka sha ruwa suna yin fumfuna, farashinsu ya faɗi. Da bazara kuma rana tana gasa tumatir da dabbobi.

Wannan fata mai sauƙin biya ce. Ana lanƙwasa bututun ƙarfe marar nauyi, a kafa a kan bodi, a ɗora tamfol. Gara a yi shi da noti, yadda za a iya cirewa idan an tashi ɗaukar dogon kaya.

Amma akwai gargaɗi guda. Idan akwai mutane ko dabbobi a ciki, kada a rufe tamfol ruf. Hayaƙin salansa yana iya shigowa ta baya ya taru. A cikin hayaƙin akwai wata guba da ba a gani, ba a kuma jin warinta. Takan sa ciwon kai da jiri da barci, har ta kashe. A bar wurin shigar iska a gaba da gefe. Idan salansa ta huje, a gyara ta.

NA HUƊU: SHIGA YASHI DA TAƁO

Sunan Jihar Jigawa ma daga jigayi ya samo asali. Wanda ya bar kwalta ya nufi ƙauyukan da ke kewayen Aujara ko Harbo ko Gunka ya san wannan. Da rani yashi ne. Da damina kuma taɓo ne a fadamu. A shekarar 2022 ambaliya ta yanke hanyoyi da dama a jihar, ta bar wasu garuruwa ba shiga ba fita.

Yawancin akori-kura ƙafafun baya ne kawai ke tura su. Shi ya sa masu su ke sha'awar irin wadda ƙafafunta huɗu duka ke ja. Akwai Hilux mai wannan tsari. Akwai shi ma a wasu daga cikin ƙananan na Japan. Amma daga masana'anta ake yin sa. Ba abu ba ne da za a ƙara a gareji cikin sauƙi. Wanda yake so, ya duba tun wajen saye. Ya kuma sani, irin wannan mota ta fi shan mai, kuma kayan gyaranta sun fi yawa.

Wanda ba shi da irinta yana da dabaru. Idan zai shiga yashi mai zurfi, ya ɗan rage iskar taya. Hakan yana sa tayar ta baje, ta daina nutsewa. Amma da zarar ya hau kwalta, ya nemi mai faci ya mayar da iskar. Taya marar iska a kan kwalta takan yi zafi ta fashe. Ya riƙa tafiya da shebur da katako biyu da igiya mai ƙarfi. Idan mota ta kafe, kada ya yi ta ba ta wuta. Ƙara haƙa rami take yi, kuma kuloci yana ƙonewa.

Idan ruwa ya rufe hanya yana gudu, to a haƙura. Ruwa mai gudu yana iya ɗauke ƙaramar mota. Idan kuma inji ya shaƙi ruwa, gyaransa sai an sauke shi.

NA BIYAR: RASHIN SHAN MAI

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Gwamnatin Tarayya ta sanar da cire tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki farashin gwamnati ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 a lita. Daga baya ya ƙara hawa. Tun daga nan kuɗin mai ya zama babban abin da ke cinye ribar mai mota.

Tsohuwar Fijo tana shan mai fiye da ƙananan na Japan, domin injinta ya fi girma sosai. Amma a yi lissafi da kyau. Abin da za a duba shi ne man da aka ƙona a kan kowane buhu. Idan ƙaramar sai ta yi sawu uku kafin ta kwashe abin da babbar ta kwashe sau ɗaya, to arahar ta ragu.

Wasu suna sha'awar mayar da mota ta koma amfani da iskar gas da ake kira CNG. Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin yaɗa ta a 2023. Wannan iskar ba irin ta girki ba ce. Ana matse ta a tukunya da ƙarfin da ya ninka na iskar tayar mota fiye da sau 50. Tukunyarta ta musamman ce, mai kauri ƙwarai. A watan Oktoba na 2024 wata mota ta fashe a gidan sayar da iskar a birnin Benin, mutane suka jikkata. An gano cewa tukunyar ƙirar walda ce. Saboda haka wannan aiki ba na mai waldar gari ba ne. Sai a cibiyar da hukuma ta amince da ita. Kafin a yi, a tambayi inda gidan sayar da iskar mafi kusa yake. A kuma tuna, tukunyar tana da nauyi, kuma tana cin wuri a bodi.

Akwai hanyoyin rage shan mai da ba su da tsada. A sa wa taya iska daidai. A canza filogi da matacin iska a kan lokaci. A daina barin inji yana aiki alhali ana jiran lodi. A rage gudu.

NA SHIDA: WURIN ZAMAN MUTANE

Gaban akori-kura mutum biyu ko uku yake ɗauka. Amma mai kaya yana so ya bi kayansa kasuwa. Sai ya hau kan buhuna. Wanda ke can sama ba shi da abin riƙewa, ba shi da bel. Idan mota ta faɗa rami ko ta taka birki da ƙarfi, shi ne farkon faɗowa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana hana haɗa mutane da kaya ko dabbobi a bayan mota.

Akwai akori-kura mai ƙofa huɗu, wadda ke ɗaukar mutum biyar a ciki. Ita ma tun wajen saye ake zaɓarta. Sai dai bodinta ya fi gajarta. Wato an sami wurin mutane, an rage na kaya.

Wannan magana ta fi muhimmanci idan za a ɗauki marar lafiya. Tun shekarar 2008 ƙungiyar likitoci Na-gari Na-kowa, wato MSF, ta fara aiki a Babban Asibitin Jahun, wajen karɓar haihuwa da gyaran yoyon fitsari. Mata daga nesa suke zuwa. Doguwar naƙuda ce ke jawo yawancin yoyon fitsari, kuma jinkirin zuwa asibiti yana cikin dalilan. Ke nan motar da ke kwana da mai a tanki, da batir mai kyau, da fitila mai haske, tana iya ceton uwa da ɗa. Idan dole a kwantar da mace a bodi, a share shi, a shimfiɗa katifa, wata ta zauna kusa da ita. Kada a haɗa ta da kaya. Direba kuma ya bi gargada a hankali.

NA BAKWAI: MAGANIN ƘURA DA ZAFI

Motocin da aka yi domin Japan ko Turai ba a yi su da tunanin ƙurar hunturu ba. A watan Afrilu kuma zafi a nan yakan wuce digiri 40. Masu mota suna son babban matacin iska da babban lagireto.

Kafin a samu, a kula da wanda ake da shi. Idan matacin iska ya toshe, wasu sukan cire shi gaba ɗaya. Wannan kuskure ne. Ƙurar da ta shiga inji kamar yashi take, tana cinye shi daga ciki. A kakkaɓe shi a kai a kai, a canza idan ya tsufa. A zuba wa lagireto ruwa mai tsabta, ba ruwan kududdufi ba. Kada kuma a buɗe murfinsa yana da zafi, domin ruwan yana iya fesowa ya ƙona fuska.

NA TAKWAS: SAUƘIN GYARA

Abin da ya sa tsohuwar Fijo ta daɗe shi ne, kusan kowane bakanike ya san ta. Sababbin motoci suna da kwamfuta a ciki. Idan suka lalace, sau da yawa sai an kai su birni an jona musu na'ura. Kafin a sayi mota, a fara tambayar bakaniken gari ko ya iya gyaranta. A kuma tambaya ko ana samun kayanta a Dutse ko Kano. Araha ba ta ado.

A duba sitiyari ma. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi, sitiyari kuma a hagu. Motocin da aka yi domin Japan sitiyarinsu a dama yake, sai an juya shi. Idan an yi juyin da ganganci, sitiyari ko birki na iya tsinkewa ana cikin tafiya. A kai wanda ya san aiki ya leƙa ƙasan motar kafin a biya kuɗi.

AMFANIN KARATU A JIKIN TAYA

Mai mota da ya iya karanta lambobi ya fi wanda bai iya ba tsira. A gefen taya akwai wasu lambobi huɗu a jere, yawanci a cikin ɗan zagaye. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. Idan aka ga 1522, ana nufin an yi tayar a sati na 15 na shekarar 2022. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana gargaɗin a daina amfani da taya idan ta wuce shekara huɗu da yi. Taya tana iya tsufa ko da zanenta bai cinye ba.

Akwai kuma lambar da ke nuna nauyin da tayar za ta iya ɗauka. Tana zuwa bayan lambar girman taya. Mai lamba 82 tana ɗaukar kilo 475. Mai lamba 106 tana ɗaukar kilo 950, wato ninki biyu. Tayar motar kaya takan zo da harafin C ko LT. Wanda ya sa wa akori-kura tayar ƙaramar motar shiga domin araha, ya sa kansa cikin haɗari.

A WASU ƘASASHE

Ba a nan kaɗai masu akori-kura ke da fata ba. A Amurka kamfanin Ford ya fito da wata ƙarama mai suna Maverick a 2021. Akwai irinta mai haɗa fetur da batir domin rage shan mai. Amma tsawon bodinta ƙafa huɗu da rabi ne kawai, domin an ba mutane wuri mai yawa a ciki. A ƙasar Tailan kuma Toyota ta fito da Hilux Champ a 2023. An yi ta ba ado, da shimfiɗaɗɗen bodi mai ramukan noti, domin kowa ya ɗora abin da sana'arsa ke buƙata. Ko a can ma, babu motar da ta haɗa komai. Idan aka ƙara wannan, sai an rage wancan.

ABIN LURA

Abubuwan da za a iya ƙarawa a gari su ne rumfa, ƙugiyoyin igiya, ƙarfen tsari, keji marar nauyi, da taya mai ƙarfi.

Abubuwan da ake zaɓa tun wajen saye su ne ƙofa huɗu, jan ƙafa huɗu, girman inji, da yawan nauyin da mota ke ɗauka.

Abubuwan da za a guje wa su ne yanka shasi, tukunyar gas ta walda, cire matacin iska, da ɗora mutane a kan kaya.

Mai kaya ma yana da nasa haƙƙi. Kada ya matsa wa direba ya ƙara buhu bayan mota ta cika. Kuɗin sawu na biyu bai kai kuɗin asibiti ba. Garin neman gira, kada a rasa ido.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa a je kasuwa lafiya, a dawo lafiya.